Jan Biro a Kan Takardar Koyon Gyaran Hoto

A shagunan kwamfuta na Birnin Kudu, musamman na bakin titin da ya taso daga Kano ta Wudil, aikin hoto ba ya yankewa. Ɗalibar makarantar koyon aikin jinya tana neman fasfo, ma'aikacin Asibitin Tarayya zai sabunta katin shaida, yaran Kwalejin Gwamnati za su yi rajistar jarrabawa, ga ango da katin ɗaurin aure, ga ɗan takara da fosta. Duk shagon da aiki ya yi wa yawa haka, za ka tarar da yara masu koyo sun kewaye kwamfuta ɗaya ko biyu, kowa riƙe da 'yan shafukan da aka ɗinke da sitefula, waɗanda suke kira handawut. A ciki aka jera yadda ake yanke hoto, da sauya launin bayansa, da rage masa nauyi, da buga shi, a CorelDRAW ko Photoshop ko GIMP. Kowa ya san wanda ya rubuta takardar. Wanda ya bi ta da jan biro ya tsince kurakuranta kuwa ba a cika tambayar waye ba, alhali aikinsa ne yake sa a iya dogara da ita.

Gyaran irin wannan takarda ya sha bamban da gyaran littafin labari. Idan harafi ya faɗi a labarin soyayya, mai karatu ya cike gurbin da kansa ya wuce. Mai karanta takardar umarni ba shi da abin da zai cike da shi, don abin da aka rubuta ɗin shi ne yake nema ya sani. An ce ya danna kaza, ya danna, abin bai fito ba. Sai ka ji ya ce, "Oga, nawa ya ƙi yi." Oga na tsakiyar aikin kwastoma, ko juyowa ba zai yi ba: "Sake karantawa, kai dai ba ka da nutsuwa." Yaron ya sake, ya kuma sake, daga nan ya fara zargin kansa. Wannan ma wanda ke kusa da oga ke nan. Kwafin takardar nan yana tafiya har Gwaram, har Sara da Basirka da Fagam, ya faɗa hannun wanda ya ari kwamfutar yayansa ta kwana biyu, ba shi da wanda zai tambaya.

Kayan aikin mai gyara ba su da yawa. Jan biro, fensir, rula, kalkuletar waya, da ɗan littafin aljihu. Sai takardar kanta, wadda yake bugawa a firinta da tazara mai faɗi tsakanin layuka, domin ido yana zamewa a kan sikirin, kuma yana bukatar wurin rubutu. Na ƙarshe shi ne kwamfuta, manhajar da ake koyarwa a buɗe a gabansa. Kafin ya karanta layi ɗaya sai ya shiga manhajar ya duba lambar zubinta, wato wace fitowa ce a cikin jerin fitowarta, ya rubuta a saman shafin farko.

Dalilin wannan lamba yana da tarihi. GIMP, manhajar gyaran hoto ta kyauta da ɗalibai biyu, Spencer Kimball da Peter Mattis, suka fara a Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley a 1995, ta daɗe tana barin mutum ya adana hotonsa a matsayin JPEG kai tsaye. Da zubi na 2.8 ya fito a 2012 sai aka raba aikin gida biyu. Umarnin adanawa ya koma na fayil ɗin GIMP kaɗai, mai suna XCF, wanda ke riƙe da aiki yadda za a dawo a ci gaba. Mai son JPEG ko PNG sai ya bi ta umarnin fitarwa. Duk takardar da aka rubuta kafin wannan shekara, ko aka kwafo daga wadda aka rubuta kafin ta, ƙarya take yi wa yaro a wannan mataki ba da niyya ba. A watan Maris na 2025 kuma zubi na 3.0 ya fito da nasa sauye-sauyen. CorelDRAW ma haka: har yanzu akwai shagunan da ke kan X3 na 2006, wasu X7 na 2014, wasu sun yi gaba, kuma fayil ɗin da aka adana a sabon zubi ba ya buɗuwa a tsoho sai an saukar da shi da gangan lokacin adanawa. Mai gyaran da bai san zubin da ke gabansa ba, zai gyara daidai ya mayar da shi kuskure.

Bin farko na hannu ne. Yana ɗora rula a ƙarƙashin mataki na ɗaya, ya karanta, ya aikata abin da aka rubuta, shi kaɗai, sannan ya ja rula ƙasa. A ganina nan ne wahalar aikin take, kuma nan gwanintar take. Mutumin da ya shekara da shekaru yana gyaran hoto hannunsa ya riga tunaninsa. Kafin ya gama karanta jimla yatsunsa sun yi abu uku da ba a rubuta ba. Dole ya danne su, ya mai da kansa ɗan koyon da bai san komai ba. Da haka ne yake gano matakin da ya ɓace. Ga misali: a manhajojin nan hoto hawa-hawa ake gina shi, kowane hawa ana ce masa leya, fuskar mutum a ɗaya, launin baya a wata, rubutu a ta uku. Marubuci ya ce "sai ka zuba farin launi", ya manta bai ce a fara zaɓar leyar baya ba, saboda shi ba ya ma lura da lokacin da yake zaɓar ta. Yaro ya zuba fari, ya sauka a kan leyar fuskar kwastoma. Mai gyara yana yin 'yar alama kamar kan kibiya a tsakanin layukan biyu, ya rubuta matakin da ya faɗi a gefe. Haka yake bin kowane "danna dama" da "danna hagu" na linzami, da kowane "kada", don kalma ce ƙarama da ke saurin faɗuwa wajen taifin, kuma idan ta faɗi umarni ya juye.

Sai maɓallan gajeriyar hanya, inda masu haɗa takarda ɗaya daga littattafai uku suke yin tuntuɓe. Ctrl da D a Photoshop yana sakin abin da aka zaɓa. A CorelDRAW yana ninka abin ya zama biyu. A GIMP hoton gaba ɗaya yake ninkawa ya buɗe shi daban, sakin zaɓi kuma sai da Shift da Ctrl da A. Ctrl da E fitarwa ne a CorelDRAW da GIMP, amma a Photoshop haɗe leya yake yi da ta ƙarƙashinta. Wanda ya fi ɗaukar hankali shi ne Ctrl da Q. A CorelDRAW yana mayar da rubutu zane, yadda idan aka kai fayil babbar maɗaba'a a Kano haruffa ba za su sauya ba ko da kwamfutar can ba ta da irin rubutun. A Photoshop da GIMP kuwa rufe manhajar yake yi ɗungurungum. Mai gyara ba ya yarda da haddarsa a nan, ko da ya tabbata. Yana buɗe wani hoton banza ya danna kowane haɗi da yatsunsa, ya ga abin da ya faru, sannan ya yi tik da fensir. A wurin Ctrl da Q na CorelDRAW yakan ƙara gargaɗin da marubuta ke mantawa: a duba rubutu sarai kafin a mayar da shi zane, domin bayan nan ba a iya gyara harafi a sunan amarya sai an sake rubutawa.

Lambobi suna da nasu bi na daban, da kalkuleta a hannu. Hoton kwamfuta ɗigo-ɗigo ne, kowane ɗigo ana kiran sa fiksel, kuma kyan bugu yana ga yawan ɗigon da aka cusa a inci ɗaya. Abin da aka saba don bugu mai kyau shi ne 300. Ɗauki fasfo mai faɗin milimita 35 da tsawon 45. Inci ɗaya milimita 25.4 ne, don haka a kan 300 faɗin zai kama fiksel 413, tsawon 531. Mai gyara ba ya amincewa da abin da ya gani a takarda sai ya raba ya ninka da kansa. Idan sifili ɗaya ya faɗi, 300 ta zama 30, fasfon zai tashi da fiksel 41 a faɗi da 53 a tsawo, fuska ta zama dabbare-dabbare ba ido ba hanci. Idan aka bar 72 da tsofaffin littattafai ke ambata don kallon sikirin, 99 da 128 za a samu, hoto ya yi kyau a kwamfuta ya fito dishi-dishi a takarda, kwastoma ya ce ba zai biya ba. Idan kuma milimita ta rikiɗe ta zama santimita, harafi ɗaya ne ya sauya, amma an umarci yaro ya yi fasfon da ya fi takardar A3 girma.

Akwai waɗanda suka fi waɗannan ɓoyewa. Launin sikirin daga ja da kore da shuɗi ake haɗa shi, kowanne daga 0 zuwa 255. Fari tas shi ne 255 sau uku. Mai taifin ya buga 225, ido bai ga bambanci ba, bayan fasfo ya fito ruwan toka, a mayar da ɗalibi daga wurin rajista. Takardar da aka kwafo daga littafin Amurka tana zuwa da girman takardarsu, milimita 216 da 279, mu kuwa A4 muke sawa a firinta, 210 da 297, sai gefen kati ya yanke. Shafukan rajista kan ƙayyade nauyin hoto da kilobait. A rubuta megabait a wurin, an ninka abin wajen sau dubu. Ga sifili da harafin O, ga 1 da ƙaramin l, waɗanda a wasu nau'o'in rubutu tagwaye ne. Kowace lamba da ya tabbatar yana sa mata ɗigon fensir a kai. Wadda ba ta da ɗigo ba a duba ta ba, ko da an ɗauke wuta a tsakiyar aiki ya san inda ya tsaya.

Bayan hannu da lissafi ne ake zuwa kan harshe. Yawancin takardun nan gauraye suke, bayani da Hausa, sunayen maɓallai da Turanci. Ƙa'idarsa ita ce sunan da ke kan sikirin a rubuta shi harafi da harafi yadda yake, domin shi idon yaro zai nema, bayanin kuma ya zo da Hausa tsantsa. A littafin aljihunsa yana jera kalmomin da aka zaɓa. Idan shafi na 2 ya ce leya, na 7 ya ce shimfiɗa, na 11 ya ce hawa, ɗan koyo zai ɗauka abubuwa uku ne. Sai a tsayar da ɗaya, a bi sauran a daidaita. Yana haɗe "ya na" ta zama "yana", ya raba "shine" ta zama "shi ne", kamar yadda ƙa'idar rubutun Hausa ta tanada.

Haruffa masu lanƙwasa, ɓ da ɗ da ƙ, su ne ciwon kai na musamman. A shekarun 1990 Farfesa Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero ya samar da nau'o'in rubutu na Rabi'at da Abdalla, waɗanda suka fitar da marubuta da maɗaba'u da yawa kunya a lokacin da kwamfuta ba ta san waɗannan haruffa ba. Dabarar ita ce an ɗora su a gurbin alamomin da ba a cika amfani da su ba. Shi ya sa tsohon fayil, idan aka buɗe shi a kwamfutar da ba ta da wannan rubutu, "ƙasa" take fitowa "}asa", "ɗaya" ta fito "]aya". Yanzu tsarin Unicode ya ba kowane harafi lambarsa: ƙ 0199, ɗ 0257, ɓ 0253, kuma a Word idan ka rubuta lambar ka danna Alt da X harafin zai bayyana. Mai gyara yana sa kwamfuta ta nemo masa duk wata } da ] da ~ da ta maƙale a fayil, ya musanya su ɗaya bayan ɗaya. Sannan ya duba bugun takarda, don wani nau'in rubutun ba shi da haruffan sam, sai ya ajiye ɗan akwati a gurbinsu. Irin su Charis da Andika da Noto suna da su.

Daga nan sai karatun baya-baya. Yana farawa daga kalmar ƙarshe ta shafi ya taho farko, kalma-kalma, don kada ma'ana ta ja shi ya ga abin da yake tsammani maimakon abin da ke nan. In ya sami abokin aiki kuma, ɗaya ya karanta asali da ƙarfi, har da aya da waƙafi, ɗaya ya bi bugu da yatsa. Wanda ya yi karatun allo ba zai ga baƙon abu a nan ba: alaramma ma idan ya rubuce Alƙur'ani da ka, wasu gwanaye yake kai wa su bi masa, ba don ya rasa sani ba, don ido ba ya ganin kuskuren hannun da ya saba da shi. Haka aka yi ta yi a Kamfanin Gaskiya na Zariya da aka kafa a 1945, inda aka riƙa buga jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, da sauran maɗaba'u kafin zuwan kwamfuta.

Hotunan sikirin da ake liƙawa cikin takarda suna samun nasu kallon. Shin kibiyar tana nuna maɓallin da jimla ta ambata? Shin "duba hoto na 5" na 5 ɗin ne, ko an cusa wani a tsakiya lamba ta goce? Abu ɗaya da gogagge kaɗai ke tunawa shi ne fotokwafi. Sababbin manhajoji baƙar fuska suke zuwa da ita, kuma baƙin sikirin idan ya bi ta injin fotokwafi sau biyu sai ya zama dunƙulen tawada. Sai ya sa a mayar da manhajar fara a sake ɗaukar hoton, kuma duk inda aka rubuta "danna jan maɓalli" ya sauya, don a kwafin baƙi da fari babu ja.

Akwai kuskuren da ya fi kowane tsada, kuma Birnin Kudu na da misalin da ya dace da shi. Tsofaffin zanen shanu na Dutsen Mesa da Dutsen Habude, waɗanda Bernard Fagg ya yi nazarinsu a shekarun 1950, wasunsu sun koɗe har sai an ƙura ido. Masu binciken zanen duwatsu a duniya suna fito da irin wannan koɗaɗɗen launi da manhaja, kamar DStretch da Jon Harman ya fitar a 2005 a kan ImageJ, kuma ɗalibi ma zai iya gwada nasa a GIMP ta hanyar ƙara bambancin haske da duhu. To a GIMP umarnin danne asalin hoto yana maƙwabtaka da umarnin fitar da sabo. Takardar da ta rikita su za ta sa ɗalibi ya shafe hoton da ya hau dutse ya ɗauko da wanda ya cika wa launi. Ga shi JPEG kowane sabon adanawa yana zubar da wani abu daga hoton, ba ya dawowa. Abin da zai sami hoton dutse shi zai sami hoton marigayi guda ɗaya tilo da iyali suka kawo a gyara. Saboda haka gwanin gyara, ko marubuci bai sa ba, yakan ƙara layi a farkon kowane darasi: a yi kwafi tukuna, a yi aiki a kan kwafin.

In ya gama, ba a gama ba. Gyare-gyaren nan wani ne zai shigar da su kwamfuta, kuma wajen gyara kuskure ɗaya ake haifar da wani. Sai an sake bugawa, ya ajiye tsohon shafi mai jan biro kusa da sabo, ya bi kowace alama ya soke ta, ya karanta layin sama da na ƙasa. Yakan bar takardar ta kwana kafin bin ƙarshe. Washegari ya kira yaron da ya fi kowa sabunta a shago, ya zaunar da shi: "Bi wannan ka yi mini fasfo. Kada ka tambaye ni komai." Shi kuma ya koma gefe ya yi shiru, fensir a hannu. Duk inda yaron ya tsaya yana jujjuya linzami, ya yi alama a nasa kwafin. Bai ɗauki tsayawar laifin yaro ba. Jimlar ce ba ta fita ba, sai a sake ta.

Duk wannan yakan ci wuni biyu ko uku a kan takarda mai shafi ashirin. Akwai hanya mai sauƙi, kuma mabiyanta ba su da kaɗan: a ɗauko handawut ɗin da aka gada, a sauya sunan shago a bango, a kai fotokwafi, a koma benci a ci gaba da hira. Kuɗin da aka yi tsimi a nan ana biyan sa daga baya da takardar hoto da ta lalace, da tawada, da fetur ɗin janareta, da yaran da suka bar koyo suna cewa kwamfuta ba tasu ba ce. Yanzu da matasa ke zane a waya da PixelLab da Canva, darasi kuma yana yawo a WhatsApp a matsayin PDF, abin ya ƙara nauyi. Manhajar waya tana sauya wurin maɓalli ba sallama, fayil ɗin da ya fita kuma ba ya kiranyuwa. Shi ya sa mai gyara ke dagewa a rubuta kwanan wata da lambar zubi a shafin farko, wanda ya samu bayan shekara biyu ya san da tsohon abu yake aiki.

Manyan manhajojin ma ba su wuce jan biro ba. Littafin jagorar GIMP 'yan sa-kai ne suke rubuta shi suna fassara shi zuwa harsuna, a ma'ajiyar GitLab ta GNOME, kuma duk wanda ya ga harafi ya faɗi ko mataki ya tsufa yana da damar kai rahoto: ya faɗi shafin, ya kawo abin da aka rubuta, ya kawo abin da ya kamata. Wanda ya iya wannan aiki a Birnin Kudu ko Gwaram ya iya shi a can, ba a tambayar takardar shaida.

Masu shaguna da masu makarantun koyon kwamfuta, kafin ku kai handawut fotokwafi don ɗaliban zango mai zuwa, ku ba wanda ba shi ya rubuta ba ya bi shi mataki-mataki a kan kwamfutar da yaran za su zauna, ku kuma biya shi kuɗin wuninsa.